Mai Gadin Hantar Sailuba

Kafin ka ga Muntaka za ka ji shi. Muryarsa irin ta mutumin da ya saba magana da yara cike da mota ba tare da ya waiwaya ba, domin aikinsa ke nan: yana tuƙa motar 'yan makaranta, irin rawayar nan, a unguwannin Annandale, nan Amurka. Hawa ɗaya muke da shi a wani dogon bene a yammacin Alexandria, ƙofarsa tana kallon tawa, kuma na daɗe da daina saita agogon tashi, saboda da ya fito da safe zai fara faɗa da lif. Yana gaya masa cewa jakin kakansa a Dambatta ya fi shi sauri, kuma jakin bai taɓa tsayawa a hawa na shida ba tare da an kira shi ba.

Gardama ita ce abincinsa. In ka ce za a yi ruwa, zai ce hadarin na maƙwabtanmu 'yan jihar Maryland ne, ba namu ba. In ka yarda, sai ya dube ka da takaici, ya koma ɓangaren da ka baro ya ci gaba. A filin fakin na masallaci, bayan sallar Juma'a, akwai injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a da ke jinkirta komawa ofis don kawai su tsokane shi. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, Injiniya Munzali, ɗan cikin birnin Kano, ya fi kowa jin daɗin abin. Ya taɓa ce min duk mako yana zama da Turawa masu cewa "shawara ce mai kyau" alhali suna nufin ba za a yi ba, saboda haka ranar Juma'a yana bukatar wanda zai dube shi ya ce masa ƙarya yake.

Sai ciwo ya zo. Ciwon hanta ne irin wanda mutum kan taso da shi tun yarinta bai sani ba. Ya ci hantar a hankali har ƙari ya fito a cikinta, likitoci suka ce ciwon daji ne, kuma ba abin da zai fisshe shi sai dashen wata hantar.

In ka tambayi Muntaka abin da ya fi damunsa a lokacin, ba zai ce kumburin ciki ba, ba zai ce allura ba. Ladabi zai ce. Cikin ɗan lokaci ya tashi daga Muntaka ya koma Malam Muntaka. Da aka kwantar da shi ya zama Alhaji, shi da bai taɓa ganin Jidda ba sai ta tagar jirgi. Masu dubiya suna shigowa da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan da jariri yake barci, duk abin da ya faɗa su ce haka ne. Ya ce yana kwance yana jin yadda ake yi masa ta'aziyyar kansa, kuma ba dama ya amsa.

Mutum ɗaya ce ba ta rage murya ba. Sailuba taubashiyarsa ce, uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito, kuma tun suna yara kowannensu yake cewa ɗayan bawansa ne, ba wanda ya taɓa janyewa. Tana koyar da lissafi a wata sakandare, tana zaune da mijinta da 'ya'yanta a Upper Marlboro. Ta shigo ɗakin asibitin, ta tarar da mutane sun yi jugum, ta ajiye jaka a kan ƙafarsa.

"Tashi," in ji ta. "Bawa ba ya mutuwa sai da izinin uwargijiyarsa. Wa zai wanke min mota?"

Ya buɗe ido ɗaya. "Saurin da kika ga ina yi, gudun ganin fuskarki ne."

Matarsa Umaima, wadda ke aiki a gidan renon yara, mace ce da sai ka matsa kusa kake jin maganarta. Ta ce ran nan ne ya fara cin abinci bayan kwanaki yana ture kwano.

Sailuba ta ji likitoci suna bayanin cewa ana iya yankar hantar mai rai a dasa wa mara lafiya, kuma abin da aka bari yakan tofo ya cika. Ba ta yi shawara da Muntaka ba. Ta yi da mijinta, ta je aka yi mata gwaje-gwaje, sai da aka ce ta dace sannan ta zo ta sanar da shi kamar mai sanar da yaro cewa an sa shi a makaranta. Ya ce ba ya so, hantar mai rowa ba za ta zauna a cikin mutumin kirki ba. Ya faɗi haka yana kallon bango, hawaye na gangara masa cikin kunne. Aka yanke fiye da rabin hantarta aka sa masa.

Daga nan ya samu sabon muƙami. Ta ce ba kyauta ta yi ba, ajiya ta bayar, shi kuma mai gadi ne. Takan buga waya tsakar rana ta tambayi abin da aka ba hantarta yau, ko an sha mata ƙwayoyin nan da ke hana jiki korar baƙuwar hanta, ko kuwa mai gadi ya yi barci a bakin aiki. Shi kuma ya riƙa shelanta wa duniya cewa tun da aka sa masa abin nan yake jin ƙyashin miƙa wa baƙo nama, kuma yana mafarkin yara suna kuka a gaban allo. Ba bikin aure ko suna da za a yi daga Silver Spring har Woodbridge ba a haɗa su a tebur ɗaya ba. Masu gabatar da taro sun gane cewa in abinci ya makara, a miƙa wa Sailuba makirfo a nuna mata inda Muntaka yake zaune.

A shekara ta uku da dashen, gwajin jinin da ake yi masa lokaci-lokaci ya nuna wani abu yana hawa. Aka ɗauki hoton ciki, aka ga tabo a sabuwar hantar, bai kai girman goro ba.

Likitarsa wata doguwar mata ce mai jan magana a hankali. Ta yi musu bayani, shi da Umaima. Ciwon ya dawo. Ba za a sake dashe ba. Akwai wani sabon magani da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, amma ba nasa ba ne, domin in aka zaburar da ita, hantar da aka dasa za ta fara kai wa hari. Abin da za a yi shi ne a rage maganin hana korar hanta, a sauya shi da wani, sannan a soka allura ta fata har cikin tabon a ƙone shi. Ta nanata cewa ƙonawar tana aiki ne muddin tabon ƙarami ne. In ya girma, wannan ƙofar ta rufe.

Akwai tambayar da ke ran Muntaka, bai yi ta ba: daga ina ciwon ya fito, daga hantar Sailuba ko daga jikinsa? Ya ga in nata ne, ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. In nasa ne, an ba shi ajiya ya lalata. Ya haɗiye tambayar. A mota ya ce wa Umaima kada kowa ya ji, musamman Sailuba. Dalilin da ya bayar ba na kunya ba ne. Ya ce shi ya san mutanenmu, ya riga ya sha ladabinsu sau ɗaya, kuma ya tsira ne don akwai mutum ɗaya da ta ƙi yi masa. In ita ma ta ce masa sannu, ba shi da sauran wanda zai gaya masa yana raye.

Umaima ba ta gaya wa kowa ba, sai matar Injiniya Munzali, don a taya su da addu'a. Matar Injiniya ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta. Injiniya kuwa mutum ne da ba ya ganin matsala ya bar ta ba kwamiti. Kafin Juma'a ta zagayo an kafa kwamitin ɓoye wa Sailuba maganar, da shugaba da mataimaki, aka buɗe zaure a waya aka zuba kowa da kowa in ban da mutum biyu. Kowane saƙo yana farawa da gargaɗin cewa kada maganar ta fita. Aka fara ajiye ledoji a ƙofar Muntaka ba suna: garin zogale, man habbatus sauda, wani baƙin jiƙo a gorar lemo da aka ce daga Maiduguri ya zo. Likita ta hana shi duk irin waɗannan, don suna iya rikita maganinsa, sai Umaima ta riƙa jera su a baranda har wurin ya koma kamar rumfar mai magani a bakin kasuwa.

Muntaka bai ga zauren ba, amma yana da kunne. Ya ji muryoyi sun fara sauka. Ya ji "Malam" ya dawo. Don ya tabbatar, ran Juma'a a filin fakin ya gyara tsayuwa ya ce ai shi ya bincika, asalin Kano ƙauye ce a ƙarƙashin Dambatta, Dambattawa ne suka ba su aron kasuwa. Ya tsaya yana jiran Injiniya ya yi tsalle.

Injiniya Munzali ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Alhaji," in ji shi. "Akwai wannan ruwayar."

Muntaka ya shiga motarsa bai yi wa kowa sallama ba.

Saura Sailuba. Ita kaɗai ce har yanzu take kira ta ce masa malalaci, kuma ya ƙudurta zai riƙe wannan ko da me. Asibiti suka ba shi ranar ƙona tabon, sai ta faɗo daf da sunan jikar Sailuba ta fari. In aka yi masa aikin ba zai iya zuwa ba, in bai je ba za ta tambaya. Ya buga waya ya ce aiki ya riƙe shi, a ɗaga. Da suka ba shi wata ranar, ita ma ya ɗaga, wai sai an gama hidimar baƙin da suka zo daga gida. Umaima ta tuna masa maganar ƙofa mai rufewa. Ya ce ƙofar asibiti ce, da kanta take buɗewa in mutum ya matso.

Ranar suna gidan Sailuba ya cika. Mata suna sama, maza suna ɗakin ƙasa inda aka shimfiɗa darduma aka jera kujerun roba. Da Muntaka ya sauko, 'yan kwamiti suka miƙe gaba ɗaya kamar an danna musu maɓalli. Aka janyo babbar kujerar mai gidan, mai kwantawa baya, aka zaunar da shi. Wani likitan haƙori ya sa masa filo. Wani ya rage sanyin ɗakin. Duk wannan a cikin shirin ɓoye sirri ne.

Sailuba ta sauko da tiren soyayyen naman rago, ta tsaya a matakala ta ƙarshe.

"Wa ya ba mai gadi kujerar masu gida? Ku sauke shi ya je bakin ƙofa ya kula da takalma."

A da, da ɗakin ya ɗauka. Ran nan ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya yi gyaran murya. Wani daga baya ya ce, "Hajiya, a dai yi haƙuri." Muntaka ya yi sauri ya ce naman ma ƙashi ne zalla, ya san hannun da ya raba shi, amma muryarsa ita kaɗai ta fita ta dawo masa.

Sailuba ta yi shekara da shekaru a gaban aji. Ta san irin shirun da yara kan yi in an fasa taga kuma kowa ya san wanda ya fasa. Ta dubi filon, ta dubi fuskokin, ta dubi Muntaka. Ta ajiye tiren ta hau sama. An ce ta ja Umaima cikin ɗakin wanki ta rufe ƙofa. Da ta sake saukowa, faranti ne a hannunta biyu, an rufe shi da wani. Ta rusuna a gabansa.

"Sannu, Yaya Muntaka. Ga abinci. Allah ya ƙara sauƙi."

Bai taɓa abincin ba. A hanyar komawa, sun hau gadar da ke tsallaka kogi zuwa Alexandria, ya ce wa Umaima shi ke nan, an gama.

Makonnin da suka biyo baya, benenmu ya yi tsit. Yana fita aiki, yana dawowa, lif ya tsaya inda ya ga dama ba mai ce masa komai. Sailuba tana kira kullum, ta yi gaisuwa cikakkiya tun daga kwana har gajiya har jiki, irin wadda ake yi wa suruki. Bayan 'yan kwanaki ya daina ɗauka. Asibiti ma suna kira a sa rana, su ma ya daina ɗauka. Ya ce wa Umaima mace mai lissafi ce Sailuba, in har ta fara yi masa ladabi to ta buga ta ga amsar.

A zauren kwamiti kuwa, tunda sirri ya fasu, sai aka koma bincike. Ɓangare ɗaya ya ce dama hantar ce mai matsala, an yi gaggawa, ai ba a karɓar abu irin wannan daga dangi na kusa. Ɗaya ɓangaren ya ce an ga Muntaka da tsire a wani biki a Laurel. Wani farfesan tattalin arziki ya turo saƙon murya mai tsawo yana sulhunta ra'ayoyin biyu. Maganar ɓangaren farko ta isa kunnen Sailuba, ta zauna mata. Umaima ce kaɗai ta san wannan, domin ita Sailuba take kira tana kuka tana cewa ita ta sa masa ciwo da hannunta, da wane baki za ta sake tsokanarsa. Shi yana ganin ta fid da rai da shi, ita tana ganin ta cuce shi, tabon kuma ba ya jiran kowa.

Umaima ba ta kafa kwamiti ba. Ta ɗauki waya ta karɓi ranar ganin likita. Ta ce wa Muntaka in bai tashi ba za ta kira Injiniya ya zo da jama'a su yi masa addu'a a falo, da murya ƙasa-ƙasa. Ya tashi. Suna isa ɗakin jira suka tarar da Sailuba zaune da jaka a cinya, ashe Umaima ta kira ta. Ta miƙe ta gaishe shi. Ya kau da kai.

Likita ta ce ba za ta yi maganar ciwonsa a gaban wata ba sai da izininsa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai rabin abin da za a tattauna nata ne. Sai Umaima, da Turancinta na lallashin yara, ta yi tambayar da su biyun suka kasa yi: ciwon nan, daga hantar da aka dasa ya fito?

Likitar ta girgiza kai. Ta ce hantar da aka ba shi lafiyayya ce, an bincike ta ciki da waje kafin a taɓa ta. Ƙwayoyin ciwon nasa ne, na tsohuwar hantarsa. Wasu 'yan kaɗan sun sulale cikin jini tun kafin a yi dashen, ƙanana ƙwarai yadda ba na'urar da za ta gan su, suka laɓe. Maganin da ke kwantar da garkuwar jiki don hantar ta zauna, shi ya ba su sarari suka dawo suka samu wuri. Ba abin da ya ci ne ya jawo ba, ba kuma laifin kowa ba ne.

Sailuba ta sa aka maimaita mata, kamar mai duba takardar jarrabawa. Ta tambaya ko an tabbata ba daga gare ta ba ne. Aka ce an tabbata. Ta buɗe jaka ta ciro hankici ta share hanci, ta mayar ta rufe. Sannan ta juya gaba ɗaya ta fuskanci Muntaka.

"Wato ɓarayin ma 'yan gidanku ne. Na ba ka gadi, ka buɗe wa danginka ƙofar baya."

Muntaka ya ɗago kai a hankali.

"Ba ki ji an ce ba laifin kowa ba ne? Ko lissafin ne ya toshe miki kunne?"

"Na ji an ce naka ne. Kaya na ba ka sabo fil, ka tara min tsofaffin baƙi a ciki. Har kana ɗaga ranar korarsu, saboda ka ci naman suna."

"Naman da ƙashi ne zalla."

Suka kaure. Likita ta dubi wannan ta dubi wancan, ba ta jin ko kalma ɗaya, ta ga dai mara lafiyarta ya miƙe zaune yana nuna mace da yatsa. Ta tambayi Umaima a hankali ko a kira wani ya shiga tsakani. Umaima ta ce a'a, a dai duba ranar da ta fi kusa.

Da aka sake ɗaukar hoto, tabon ya ƙaru, amma bai wuce abin da allura za ta iya ba. Likita ta ce da an ƙara jinkiri da wata maganar ake yi. Aka ƙone shi. Sailuba ce ta kai shi, ita ta mayar da shi gida, tana gaya masa a hanya cewa wannan ne karo na farko da uwargijiya ta tuƙa bawa, kuma ba za a sake ba.

Ba a ce ya warke ba, kuma likitar ba ta yi alkawarin komai ba. Bayan wasu watanni aka ga wani ɗan ɗigo a huhu, aka ɗora shi a kan ƙwayoyin da ke rage wa ciwon gudu. Suna sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su yi zafi, har ya ajiye tuƙin motar makaranta, yana takawa kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Sailuba ta kawo masa wasu takalma masu laushi da suka yi masa yawa, ta ce ta sayo da girma ne don kada mai gadi ya samu hujjar zama. Ta kuma sa aka shigar da ita zauren kwamiti, ta rubuta layi biyu, aka rufe zauren a ranar.

Jama'a dai har yanzu suna fama. Ladabi in ya kama mutanenmu ba ya sakinsu da wuri, kuma da yawa suna nan a kan "Alhaji". Amma Juma'ar da ta wuce Muntaka ya sake tayar da maganar Kano da Dambatta, ya ƙara da cewa har ganuwar ma Dambattawa ne suka gina, ba a biya su ba. Injiniya Munzali ya daure, ya daure, ya dubi sama, sannan ya ce masa wallahi ƙarya yake, kuma ya faɗa da ƙarfi har masu fita da mota suka waiwayo.

Umaima ta ce ran nan sai da ta ƙara masa tuwo.